Tsakanin Aji da Bagade

A wajajen shekara ta 403, Agustin, bishop na garin Hippo da ke gaɓar teku a ƙasar da muke kira Aljeriya a yau, ya rubuta wa wani malamin coci mai suna Jerom wasiƙa zuwa Baitalami yana ba shi labarin wata hatsaniya. A garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya, bishop ɗin garin ya sa an karanta wa jama'a ƙissar Annabi Yunus daga sabuwar fassarar da Jerom ya yi zuwa Latinanci. Da aka iso inda Allah ya tsirar da wani tsiro don ya yi wa Yunus inuwa, sai majami'a ta kaure da hayaniya. Mutanen sun tashi suna jin iyayensu na cewa duma ne, ga shi yau an kira musu sunan wani tsiro dabam mai naɗe bango. Magana ta yi tsawo har aka je aka tambayi Yahudawan garin abin da ke cikin Ibrananci. Daga ƙarshe bishop ya ga alamar zai wayi gari ba kowa a bayansa, sai ya mayar da tsohuwar kalmar.

Duk wanda ya san Latinanci a matsayin harshen manyan littattafai da limaman Katolika zai yi mamakin wannan labari. Waɗanda suka ta da jijiyar wuya a Oea mutanen gari ne kawai. Kalma ɗaya aka taɓa, kunnensu ya kama, domin harshen da ake yi musu karatu da shi shi ne wanda suke taya kaya da shi a kasuwa, suke yi wa yara faɗa da shi a gida. Nan ne ya kamata duk wata magana a kan Latinanci ta fara: ya shiga ɗakin ibada ne saboda shi talaka ke ji.

Yesu Almasihu da Aramiyanci ya yi wa mutanensa magana. Mafi yawan Tsohon Alkawari da Ibrananci yake, littattafan Sabon Alkawari da ke hannun Kiristoci kuma da Girkanci aka rubuta su. Har a cikin birnin Rum kansa, Kiristocin farko sun daɗe suna sujada da Girkanci. A Afirka ta Arewa ne rubutun Kiristanci da Latinanci ya fara kafuwa sosai, a Kartaj kusa da Tunis ta yanzu, a hannun Tertullian wajen shekara ta 200, sannan Cyprian wanda aka kashe a 258. Sai a ƙarni na huɗu, musamman zamanin Fafaroma Damasus wanda ya yi mulki daga 366 zuwa 384, sujadar Rum ta koma Latinanci ɗungurungum. Damasus ɗin ne ya ɗora wa Jerom aikin gyaran fassara a 382, aikin da ya ci shi fiye da shekara ashirin, ya haifi Littafi Mai Tsarki na Latinanci da aka sani da Vulgata.

Amma harshe ba ya tsayawa jiran kowa. Daular Rum ta yamma ta wargaje, bakin mutane ya ci gaba da sarrafa kalmomi yadda ya ga dama, har Latinancin titi ya rikiɗe ya zama Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal da na Romaniya. Na cikin littafi kuwa yana nan yadda aka bar shi. A shekara ta 813 bishop-bishop suka taru a garin Tours na Faransa, suka ba da umarni a riƙa mayar da wa'azi zuwa harshen da mutanen karkara ke yi, don kowa ya gane. Daga nan aka sami harshe biyu a ɗaki ɗaya: wa'azi da na gida, addu'a da na kakanni. Daga nan kuma Latinanci ya rasa abin da kowane harshe ke rayuwa da shi, wato uwa mai goyo da ke yi wa jariri magana. Babu sauran wanda ke shan sa a nono. Duk mai son sa sai ya je gaban malami. Rayuwar harshen bagade ta koma hannun aji, kuma har yau a can take.

Me ake koya a wannan aji? Mu duba misali ɗaya. Idan malami ya rubuta a allo cewa agricola equum videt, yana nufin manomi yana ganin doki. Idan ya rubuta agricolam equus videt, ma'ana ta juya, doki ne ke ganin manomi. Kalmomin suna nan a inda suke, ba wadda ta gusa. Harafi ɗaya ne ya ƙaru a wutsiyar manomi, ɗaya ya sauya a wutsiyar doki, sai mai gani ya zama abin gani. A Hausa matsayin kalma a jimla ne ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa. A Latinanci ƙarshen kalma ne ke ɗauke da wannan nauyi, kuma sau da yawa aikatau yana can ƙurya, sai an kai ƙarshen jimla ake cin karo da shi. Saboda haka ɗalibi ba shi da damar yin gaggawa. Dole ya riƙe kowace kalma a ransa, ya dubi wutsiyarta, ya jira, kada ya yanke hukunci kafin mai magana ya dire. Sunaye suna da gidaje biyar, kowane suna yana sauya kama gwargwadon aikinsa, jinsi kuma uku ne, ba biyu irin namu ba. Yaron da ya yi shekaru yana wannan fama yakan fito da wata ɗabi'a mai tsada: ba ya yarda ya ce ya gane magana alhali kallonta kawai ya yi.

Wannan horo ne ya riƙe ilimin Turai fiye da shekara dubu. Ɗalibi daga Jamus zai zauna a aji a Paris ko Bologna ya fahimci darasi ba tare da tafinta ba. Da Latinanci Isaac Newton ya wallafa babban littafinsa na lissafi da motsin taurari a 1687. Da shi Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa kusa da Axim a Gana ta yau, ya kare kundin digirinsa na falsafa a Jami'ar Wittenberg a 1734. Da shi Linnaeus na Suwidin ya tsara sunayen tsirrai a 1753, shi ya sa har gobe ɗalibin aikin gona a Samaru yake rubuta Adansonia digitata idan yana nufin kuka, Tamarindus indica idan yana nufin tsamiya. Masani a Indiya da masani a Barazil za su ga waɗannan sunaye su san itacen da ake nufi, domin harshen da ba ya yawo a baki ba ya sauya ma'ana da sauri. Abin da ya raba shi da kasuwa shi ne ya ba shi amfani a littafi.

Sai dai ajin Latinanci yana da wata fuska da ba za a rufe ta ba. Ya zama ƙofa mai gadi. Ƙarni bayan ƙarni, wanda bai iya shi ba ba ya shiga jami'a, ba ya zama lauya ko likita ko firist, kome kaifin basirarsa. Da Turawa suka kawo makarantunsu Afirka ta Yamma, da wannan ƙofa suka zo. An koyar da shi a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo da aka kafa a 1827, da makarantar sakandaren CMS ta Legas da aka buɗe a 1859, kuma Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka kafa a 1948 ta ba shi sashe guda tare da Girkanci. Léopold Sédar Senghor na Sanagal ya ƙware a kansa har ya ci babbar jarrabawar nahawu ta Faransa a 1935, ya koyar da 'ya'yan Faransawa a garin Tours. Abin alfahari ne. Amma a irin waɗannan makarantu ne kuma ake hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa, alhali ana yabonsa don ya haddace jadawalin harshen da ba mai yi masa sannu da shi. Ba laifin Latinanci ba ne. Laifin waɗanda suka mayar da shi ma'aunin darajar mutum ne. Da jami'o'in Oxford da Cambridge suka janye shi daga sharuɗɗan shiga a 1960, makarantu da yawa a Ingila da ƙasashen da ta raina suka sake shi cikin 'yan shekaru. Hakan ya nuna cewa da yawan masu karanta shi ƙofar suke nema, ba harshen ba.

A ɓangaren ibada kuwa, Majalisar Trent da ta zauna tsakanin 1545 da 1563 ta tsaya kai da fata a kan Latinanci, a lokacin da mabiya Martin Luther suka riga suka koma sujada da Jamusanci. A 1570 Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da littafin Mas guda ɗaya, wanda da 'yan gyare-gyare aka yi ta amfani da shi har kusan shekara ɗari huɗu. Wanda ya shiga coci a wancan zamani zai tarar da Fada, wato firist, yana fuskantar bagade, jama'a na bayansa. Addu'ar da ta fi kowacce girma, ta keɓe gurasa da ƙoƙo, a hankali yake yin ta, ko na sahun gaba ba ya ji. Yaron da ke durƙushe a gefensa shi ke amsawa a madadin kowa, da kalmomin da ya haddace. Idan lokaci ya yi sai ya kaɗa ƙararrawa, jama'a su ɗaga kai. Masu karatu suna bi da littafi mai shafi biyu, Latinanci a hannu ɗaya, fassara a ɗayan. Tsofaffi kuwa suna jan carbinsu na rosari, suna tasu addu'ar a gefen ta Fada. Haka Mas ta iso Shendam a 1907 tare da limaman ƙungiyar SMA: koyarwa da wa'azi da harshen da mutane ke ji, addu'ar bagade da harshen Rum.

Kuskure ne a ce waɗannan mutane ba su san abin da suke yi ba. Ma'ana ba a cikin ƙamus kaɗai take zama ba. Tsohuwar da ta ji sauti ɗaya ranar ɗaurin aurenta, ta ji shi ranar baftismar ɗanta, ta sake jin sa ranar jana'izar mijinta, ta san abin da sautin nan ke ɗauke da shi ko da ba ta iya rarrabe kalmominsa ba. Kuma ta san cewa da shi aka binne kakanninta a bangaskiya, da shi ake addu'a a Manila da Dublin a wannan safiya. Wannan ilimi ne na gaske, kuma wanda ya raina shi bai san zuciyar mai ibada ba. Amma kuskure ne kuma a ce ya wadatar. Mutum yana da haƙƙin ya san abin da ya ce wa Amin.

Babbar Majalisar Batikan ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ta tsaya tsakanin waɗannan gaskiya biyu. Dokarta a kan sujada, wadda aka amince da ita ranar 4 ga Disamba 1963 da ƙuri'a 2,147, huɗu kacal suka ƙi, ta ce a ci gaba da riƙe Latinanci, ta kuma buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Ƙofar da aka buɗe kaɗan sai ta wangale. A Maris na 1965 Fafaroma Paul na Shida ya yi Mas da Italiyanci a wata majami'ar unguwa a Rum, kuma da sabon littafin Mas ya fara aiki a ƙarshen 1969, shi da kansa ya faɗa wa jama'a cewa rabuwa da Latinanci hasara ce babba, amma fahimtar addu'a ta fi ta nauyi. Cikin shekara goma ɗin da aji ya sake shi ne bagade ma ya sassauta masa riƙo. Ba haɗuwar banza ba ce. Harshen da ke rayuwa a hannun malami ba zai daɗe a bakin jama'a ba idan malamin ya tashi.

Musulmin da ke karanta wannan ba zai ji shi baƙon zance ba. Yaro a makarantar allo yana haddacewa tun kafin ya san fassara, kuma da Larabci ake sallah daga Kano har Jakarta. Amma akwai bambanci da ya wajaba a kiyaye. A wurin Musulmi, Larabci shi ne harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi, lafazin kansa wahayi ne, fassara kuwa bayanin ma'ana ce kawai. Cocin Katolika ba ta taɓa cewa da Latinanci aka yi wahayi ba. Shi kansa fassara ne, darajarsa ta daɗewa ce da ta yawan bakin da suka yi addu'a da shi, shi ya sa cocin ta ga tana da ikon sauyawa. Inda al'amuran biyu suka haɗu shi ne, duk al'ummar da ta riƙe harshen ibada wanda ba na gida ba sai ta tanadi mai kai ma'ana ga mutane. A ƙasar Hausa an tanada: karatun zaure inda malam ke ɗauko jimla da Larabci ya warware ta da Hausa, tafsirin watan azumi inda mai jan baki ke karantowa malam na fassarawa, da waƙoƙin koyarwa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi da harsunan jama'a. Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Tsohon harshe rijiya ce mai zurfi, ruwanta ba ya gurɓata. Malami shi ne guga. Inda aka bar guga ya tsinke, mutane za su zauna a bakin rijiya da ƙishirwa, kuma ba za a zarge su ba idan suka nemi ruwa a wani wuri.

Komawa ga harsunan gida bai sallami Latinanci ba, aiki kawai ya sauya masa. Har yau ainihin littafin Mas na cocin Rum da Latinanci ake fitar da shi, daga gare shi ake fassarawa zuwa sauran harsuna, kuma da shi ake auna kowace fassara. A cikin addu'ar keɓe ƙoƙo akwai wasu kalmomi biyu da ke faɗin waɗanda aka zubar da jinin Almasihu dominsu. Latinancin ya ce domin mutane da yawa. Fassarorin Ingilishi da Jamusanci da Italiyanci da aka yi bayan Majalisar Batikan ta Biyu suka ce domin kowa, suna ganin abin da ake nufi ke nan. A Oktoba na 2006 wasiƙa ta fita daga Batikan tana neman a koma ga lafazin asali, a bar bayani ga masu koyarwa. Wanda ya sa mata hannu ɗan Najeriya ne, Kadinal Francis Arinze, wanda ya halarci zaman ƙarshe na majalisar a 1965 yana sabon bishop ɗan shekara 32, daga baya ya shugabanci ofishin kula da sujada daga 2002 zuwa 2008. Fassarar Ingilishi ta 2011 ta bi umarnin, ta Italiyanci kuwa ta zauna a kan tata. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya a fili yake: ba a iya wannan muhawara sai da mutanen da suka zauna a aji suka koyi wutsiyar kalmomi.

Gardamar tsohon tsarin Mas ma ba ta mutu ba. A 2007 Fafaroma Benedict na Sha Shida ya sauƙaƙa yin Mas da tsohon tsari, a 2021 Fafaroma Francis ya taƙaita shi saboda yana ganin ana amfani da shi wajen raba kan jama'a. Benedict ɗin nan, ranar 11 ga Fabrairu 2013, ya sanar da murabus ɗinsa da Latinanci a gaban kadinal-kadinal. 'Yar jaridar Italiya Giovanna Chirri, wadda ta koyi harshen a makaranta, ta fahimci abin da yake faɗa tun yana cikin faɗa, ta riga kowa kai labarin ga duniya. Da yawa daga cikin sauran 'yan jarida sai da suka jira fassara.

Akwai kuma darasin da ya shafi Hausa kai tsaye. A Filato da kudancin Kaduna da wasu sassan Bauci da Adamawa, Birom da Angas da Bajju da Atyap da wasu ƙabilu masu yawa suna haɗuwa a coci ɗaya su yi sujada da Hausa, domin ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha. Matsayin da Latinanci ya fara da shi ke nan a Kartaj da Rum. Hausar coci ma ta fara tara kalmominta da suka tsufa tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, waɗanda tsofaffi ba sa so a taɓa, matasan birni kuma ba kullum suke gane su ba. Duk harshen da aka daɗe ana addu'a da shi yana kan wannan hanya.

Saboda haka ban ga dalilin zaɓar ɗaya a yar da ɗaya ba. A majami'u da dama a Najeriya har yanzu mawaƙa suna rera wasu sassan Mas da Latinanci, kuma a ikilisiyar da ta tara Ibo da Tibi da Bahaushe, wannan wuri ne da ba wanda ya fi wani gata a cikinsa. A ci gaba da yi. Amma duk inda aka sa jama'a su rera shi, haƙƙi ne a kan Fada da katikis su zauna da su su warware musu shi kalma bayan kalma, har mai sayar da kayan miya ta san abin da bakinta ke faɗa wa Allah. Dokar cocin ta 1983 ta ce masu shirin zama firist su ƙware a Latinanci, to a ba darasin lokacinsa a makarantun horon limamai, kada ya zama na cika sharaɗi. Jami'o'in da suka riƙe shi, irin su Ibadan, a taimake su su samar da malaman gobe, a buɗe shi ga duk mai so ba tare da an mayar da shi sandar dukan kowa ba. Riƙe tsohon harshe amana ce, kuma wanda ya karɓi amanar lafazi ya karɓi ta ma'ana tare da ita.